Yaron Gida ko Ma'aikaci? Lacca kan Riƙon Mutane a Wurin Aiki





Batun da aka ba ni shi ne yadda shugaba zai riƙe ma'aikatansa har su yi masa aiki da zuciya ɗaya. Kusan duk mai ma'aikatan da na zauna da shi, daga mai shagon ɗinki a cikin unguwa har mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, kukansa ɗaya ne: yaran yanzu ba himma, ba amana, ka koya wa mutum aiki ya gudu. Ban zo in ƙaryata wannan kuka ba. Akwai malalata, akwai maha'inta, kowa ya gani. Amma ina roƙon kowa ya tuna makon farko na ma'aikacin nan da yake kuka da shi. Ba shi ne yake riga kowa zuwa ba? Ba shi ne yake cewa a nuna masa wannan, a nuna masa wancan ba? To ina himmar ta shiga cikin wata shida? A ganina mafi yawan mutane da himmarsu suke shigowa, a hannunmu take mutuwa. Don haka maganata yau a kanmu take, mu masu ba da umarni.

Kafin in fara ƙidaya, mu dubi inda muka fito. A ƙasar Hausa mun gaji tsarin ubangida da yaro. Yaro ya zo hannunka, cinsa da suturarsa da maganinsa suna wuyanka. In ya isa aure ka yi masa. In ya ƙware ka ba shi jari ka sallame shi, ya buɗe nasa, amma har ya tsufa yana ce maka maigida. Shi kuma ya ba ka biyayya da riƙon amana, ba ya duban agogo. Da wannan tsari aka yi fataucin goro zuwa Gwanja. Da irinsa Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya baza wakilai a garuruwa suna saya masa gyaɗa. Har gobe da shi ake tafiyar da shaguna da yawa a Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi. Sai zamani ya kawo tsarin albashi: ka yi awa kaza, a biya ka kaza a ƙarshen wata, ga hutu, ga fansho, ga doka a tsakaninku. Kowane cikin biyun yana da nasa adalci, domin kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa.

Abin da da yawanmu muka yi shi ne mun yanko daga kowane tsari ɓangaren da ya yi mana daɗi. Daga na gargajiya mun ɗauko biyayya: ma'aikaci ya rusuna, ya kai yaran oga makaranta, ya tsaya har bayan isha'i ba ƙarin ko kwabo. Daga na zamani mun ɗauko damar kau da kai: in matarsa ta haihu, ko mahaifinsa ya kwanta a asibiti, sai mu ce ai albashi muke biyansa. Ranar aiki yaron gida ne, ranar buƙata bare ne. Kuma yana gani, jama'a, ko bai faɗa ba. Duk abin da zan kawo daga nan a kan wannan ya rataya.

Na ɗaya: a biya haƙƙi, kuma a biya shi ranar da aka ce.

Wani zai ce wannan ai kowa ya sani. To in kowa ya sani, me ya sa ake kai goma ga wata, sha biyar ga wata, malamin makarantar kuɗi ko ɗan aikin inji bai ga albashin watan jiya ba? Ku bi shi gida. Mai shagon unguwa da ke ba shi shinkafa da man gyaɗa bashi ya rufe littafi. Mai gidan haya ya aiko. An koro yarinyarsa daga Islamiyya saboda kuɗin wata. Da safe ya lissafa kuɗin adaidaita sahu ya ga ba su kai ba, ya taka rabin hanya da ƙafa, ya iso a makare, aka ja masa layi a littafin zuwa. Ƙarshen wata kuma za a cire masa kuɗin makara daga albashin da har yanzu ba a ba shi ba. Wannan mutumin ne za ka tara da 'yan uwansa ka yi musu jawabi kan sadaukar da kai? Da wane kunne zai ji ka?

Ku tuna halin da ake ciki. Da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, na kuma san da yawa a zauren nan suna cikin wannan rukuni. Sai dai kasuwa ba ruwanta da wannan togaciya. Kwanon masara kuɗinsa ɗaya ga ma'aikacin babban kamfani da na ƙarami.

Wanda yake ganin albashi mai kyau asara ce, ga labarin wani ɗan kasuwa da ba a san shi da sakin hannu ba. A 1913 kamfanin motoci na Ford a Amurka yana buƙatar ma'aikata kimanin 14,000, amma sai da ya ɗauki fiye da 50,000 a cikin shekarar, saboda mutane na shigowa suna ficewa. A Janairun 1914 Henry Ford ya ninka kuɗin yini ya kai dala 5, ya rage awoyin aiki daga tara zuwa takwas. Ya gindaya wasu sharuɗɗa masu leƙa rayuwar mutane har cikin gidajensu, waɗanda ba na ba kowa shawarar kwaikwayo. Amma lissafinsa ya fita: koyar da sabon mutum kullum, da kayan da sabon hannu ke ɓatawa, sun fi ƙarin albashi tsada. Ficewar ta ragu ƙwarai. Mu nawa ne muka taɓa zama muka lissafa abin da tafiyar ƙwararren ma'aikaci ɗaya take ja mana?

Na san ciniki yakan tsaya, na san ana riƙe wa mutum kuɗinsa a waje. In ka ga wata zai ƙare ba za ka iya biya ba, ka tara su tun kafin ranar, ka faɗa musu da bakinka, ka sa rana, ka cika. Kada ka ɓuya ka bar akanta yana ta cewa gobe. In kuɗin da ke ƙasa ba za su ishi kowa ba, a fara da maigadi da mai shara da direba, manaja ya jira, kai kuma ka zo ƙarshe. Kuma don Allah, watan da ake bin ka albashi ba watan shigo da sabuwar mota ba ne. Addininmu ya tsananta a kan gaggauta biyan ma'aikaci ladan guminsa, kowa a nan ya ji wannan a bakin malamai tun yana yaro.

Amma kada a ɗauka kuɗi sun gama magana. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg, ya wallafa binciken da ya yi da abokan aikinsa a kan injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Sun tambaye su lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin haushinsa. Haushin ya fi fitowa daga tsarin kamfani, da halin mai duba aiki, da yanayin wuri, da albashi. Jin daɗin kuwa daga cin nasarar wani aiki, da yabo, da ɗora wa mutum nauyi, da ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan binciken, amma duk wanda ya riƙe mutane ya san akwai ƙamshin gaskiya: albashi a kan lokaci yana kawar da ƙorafi, son aiki kuma daga wata ƙofa yake shigowa. Sauran maganata a kan wannan ƙofar ce.

Na biyu: aiki ya fito fili, kuma wanda aka ba nauyi a ba shi iko.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku a ba shi takarda mai bayyana irin aikinsa, da albashinsa, da awoyinsa, da hutunsa. Ta ba shi hutun aƙalla kwana shida na aiki bayan shekara guda. Ta ba mace mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin. Mu kan ji kunyar takarda, muna ganin kamar rashin yarda ce. Alhali rabin rigimar da ake kai wa dattawa su sasanta, "ka ce" da "ban ce ba" ne, abin da shafi ɗaya zai kashe.

Sai kuma yawan masu ba da umarni. Alhaji ya ce a loda wannan mota, babban ɗansa ya zo ya ce a sauke, Hajiya ta bugo waya ta ce a aiko mata da direban. Yamma ta yi ba a kai kaya ba, sai a kama mai sito da faɗa. Kowane ma'aikaci ya san mutum ɗaya da yake karɓar umarni daga gare shi. Tsayuwar minti goma da safe, a ce yau ga abin da za a gama, ga wanda zai yi, ta fi dogon taron wata-wata amfani.

Abin da ya fi ci mini rai a nan shi ne manajan da aka ba suna aka hana iko. Janareto ya tsaya, ba zai iya sayen dizal ba sai ya samu maigida a waya, maigida kuwa yana cikin jirgi. Aikin yini ya tafi, gobe a ce manaja ba ya tunani. Yaushe aka bar shi ya yi? Ka yanke masa iyaka: daga naira kaza zuwa ƙasa ka kashe ka kawo rasit, abin da ya haura ka neme ni. Ka duba littafi duk mako. Yarda da bincike ba sa faɗa da juna, mai gaskiya ma ya fi son a duba.

Na uku: mutunci.

A nan zan ɗan daɗe. Na taɓa tsayawa a wani shagon ɗinki ana saura kwana uku Sallah. Janareto na ruri, kekuna na gudu, ƙyallaye sun rufe ƙasa, idon kowa ya yi ja don rashin barci. Wani tela magidanci, furfura ta fara fito masa a gemu, ya yi kuskure a awo, hannun rigar wata shadda mai tsada ya gaza. Mai shagon ya ɗaga rigar sama a gaban mai kayan, a gaban yara masu koyo da telan nan yake koya wa riƙon almakashi, ya zage shi tas, har ya taɓo iyaye. Shagon ya yi tsit, keke ɗaya ma bai motsa ba. Telan ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, maigida." Bai ƙara ko kalma ba. Ya zauna ya gama ɗinkin Sallar mutane, bai bar ko ɗaya ba. Bayan Sallah ya ɗauki almakashinsa da tef ɗinsa ya tafi, masu kawo ɗinki da dama suka bi shi.

Mai shagon yana da gaskiya a kan rigar. An yi masa asara, kuma dole a yi magana. Amma ya karɓi abin da ya fi shadda tsada, a gaban mutanen da bai kamata su gani ba. Bahaushe zai jure yunwa, zai jure gajiya, zai yafe bashi, amma cin mutunci a bainar jama'a yakan kwana da shi shekaru. Wanda bai samu hanyar tafiya ba zai zauna, sai dai daga ranar jikinsa kawai kake da shi. Zai ga famfo na zuba ya wuce. Zai ga ana satar kaya ya ce ba ruwansa.

Gyara yana da ladabinsa. Ka ja mutum gefe. Ka yi magana a kan aikin da ya ɓaci, ka bar asalinsa da garinsu da iyayensa. Ka tambaye shi yadda aka yi kafin ka yanke hukunci, domin sau da yawa za ka tarar inji ne ya lalace, ko wani ne ya ba shi umarni dabam. In an gama an gama, kada ya zama abin gori duk sati. Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya kuma ba da shaidar cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa ko tsawa daga gare shi ba. Muna karanta wannan a makaranta, mu fito mu daka wa masinja tsawa a kan shayi.

Yabo kuma mun cika rowarsa. Akwai masu cewa in ka yabi yaro kansa zai kumbura. Ni abin da na fi gani shi ne wanda aka shekara ba a ce masa sannu ba ya daina ƙoƙari. Yabon da ke aiki shi ne mai suna: "Malam, yadda ka lallashi mutumin nan da ya zo da fushi jiya, na gani, Allah ya yi albarka." Wannan ya nuna idonka yana kan alheri, ba a kan laifi kaɗai ba.

Mata ma'aikata suna da ƙarin haƙƙi a wuyanku. Duk shugaban da ya bari wani manaja ko mai duba aiki yana amfani da kujerarsa yana takura wa 'yar mutane, ya sani amanar da iyayenta ko mijinta suka ba wurin ce ya ci. A samar da wadda za su iya kai wa kuka, kuma in an kawo a ɗauki mataki. Ko sallamar mutum daga aiki ta kama, ita ma da mutunci ake yi. Doka ta sa wa'adin sanarwa, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba har wata guda ga wanda ya yi shekara biyar. A ba shi haƙƙinsa cif, a yi sallama. Waɗanda suka rage suna kallo, suna auna yadda tasu ranar za ta kasance.

Na huɗu: labari mara daɗi ya riƙa isowa gare ka da wuri.

Tarbiyyarmu ta kunya da girmama na gaba abu ne mai kyau, amma a wurin aiki tana da tsada in ba a kula ba. Ka tambayi ma'aikaci, "Akwai matsala?" Ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Alhali tun ranar Litinin ya ji ƙarar inji ta canza. Ya san belt ya kusa tsinkewa. Me ya hana shi faɗa? Ya tuna wanda ya faɗi irin wannan bara, aka ce shi ya lalata, aka cire kuɗin gyara a albashinsa. Sai ya yi shiru har injin ya tsaya ranar Alhamis, gyaran dubu ashirin ya koma na dubu ɗari biyar.

A garin Fremont na jihar Kalifoniya, kamfanin General Motors yana da wata masana'antar motoci da ta yi ƙaurin suna: yajin aiki ba iyaka, fashin zuwa aiki har kusan mutum ɗaya cikin biyar, motoci cike da aibu. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, mafi yawan waɗanda aka ɗauka kuwa tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa. Cikin shekara biyu ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, fashi kuma ya faɗi warwas. Mutanen su ne dai na jiya. Cikin abubuwan da suka canza akwai wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa mota. A da, doka ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru. Yanzu duk wanda ya ga matsala, ko jiya aka ɗauke shi, zai ja igiyar, shugaban rukuninsa ya rugo ya taimaka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Ku yi tunanin abin da wannan ke faɗa wa lebura: idonka yana da daraja, mun yarda da kai har mu tsayar da masana'anta a kan maganarka.

Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi nazari a shekarun 1990 kan kuskuren ba da magani a asibitoci. Ta zaci rukunin ma'aikatan da suka fi samun kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar nasu ya fi yawa. Da aka bi diddigi, aka ga su ne ba sa tsoron faɗa in sun yi kuskure, sauran kuwa ɓoyewa suke. Masu asibitoci da ke nan, in littafinku na kurakurai fari ne tas, wannan ba lalle abin murna ba ne.

To yaya za a buɗe bakin mutane? Ka fita daga ofis ka zaga, ka tsaya wurin mai inji, ka yi tambayar da "ba komai" ba za ta amsa ba: "Me ya fi ba ka wahala a aikin nan makon nan?" A wurin taro ka fara jin na ƙasa kafin manya su yi magana, kai kuma ka zo ƙarshe, domin da zarar ka faɗi ra'ayinka kowa zai ce haka ne. Mutum na farko da ya kawo maka labari mara daɗi, yadda ka karɓe shi ne zai nuna ko za a sami na biyu. Ka raba kuskure da ha'inci: mai ha'inci a hukunta shi, mai kuskuren da ya kawo kansa a gode masa a gyara.

Sai dai a kula, wannan dabam yake da sauraron 'yan kai gulma. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A wurin aiki ina da ja a kan wannan magana, domin shugaba ne yake zaɓen wanda yake ba kunnensa. Wanda ya zo maka da "wane ya ce", ka ce a kira wane a maimaita a gabansa. Sau biyu za ka yi, kasuwar gulma ta watse.

Na biyar, a taƙaice: dangi da bare.

Ba laifi ba ne ka ɗauki ɗan ƙanwarka aiki, zumunci ne. Laifin yana farawa ranar da ya zo ƙarfe goma ba a ce masa komai ba, wani ya zo takwas da kwata aka yanke masa albashi. Ko ranar da kujerar manaja ta buɗe aka tsallake wanda ya shekara goma yana riƙe da wurin aka ba yaron da ya gama bautar ƙasa jiya, don kawai sunan mahaifinsa. Daga ranar ƙwararrunka za su fara neman wani wuri a ɓoye. In ɗan uwa yana cikin buƙata, ka taimake shi daga aljihunka. In ya shigo aiki, ma'auni ɗaya da kowa. Haka ma bambancin gari ko yare ko addini: wanda ya iya aiki ya iya.

Na shida: mutum ya hango gabansa.

Abin da ya sa yaron shago na da yake jure shekaru yana ɗaukar dila a kai shi ne ya san ƙarshen hanyar: wata rana za a sallame shi da jari. Maƙwabtanmu 'yan kabilar Ibo a Sabon Gari har yau suna riƙe da irin wannan, yaro ya yi shekarunsa a shago, ubangidansa ya kafa shi. Ma'aikacinka na yau me yake hange? In ya duba ya ga wanda ya riga shi zuwa da shekara goma sha biyar yana nan a kujera ɗaya, albashi kusan ɗaya, ba abin da ya tara, me zai sa ya ba ka ƙuruciyarsa?

Ba kowa ne zai iya ba da jari ba, amma sallama tana da kamanni da yawa a wannan zamani. Akwai fansho: dokar 2014 ta ɗora wa mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Wanda ya cire kason ma'aikaci bai kai asusun ba, dukiyar tsufan wani ya ci, ba ta da wani suna. Akwai matakan ƙarin girma da kowa ya san sharuɗɗansu. Akwai tura mutum ya koyo gyaran sabon inji ko lissafi a kwamfuta. Akwai ware wani kaso na ribar shekara a raba, a kuma faɗi yadda aka lissafa. Akwai buɗe reshe ka ɗora wanda ya daɗe da kai, ku raba riba. Ga wanda ya kai ƙarfin tsayawa da ƙafarsa kuma, ka ba shi kaya bashi ya fara, ya zama abokin cinikinka.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu: in na kashe kuɗi na koya masa ya tafi fa? Wasu za su tafi, wannan gaskiya ce. Kana iya yin yarjejeniya a rubuce cewa wanda aka biya wa horo zai yi shekara kaza kafin ya tashi, kuma wannan adalci ne. Amma ka dubi ɗaya gefen: in ba ka koya masa ba ya zauna, da wa kake aiki? Wanda ya tafi da yardarka kuwa shi ne zai turo maka ciniki, shi ne zai aiko maka ƙaninsa ya ce ga wurin da ake koyon aiki. Ku duba manyan 'yan kasuwar garin nan da ake ambato da girmamawa, ku ƙirga mutanen da suka fito daga hannunsu suka zama wani abu.

A nan zan dakata, lokacin da aka ba ni ya cika.  Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu. Yanzu fili naku ne, wanda yake da tambaya ko gyara ya ɗaga hannu. In kuma akwai ma'aikata a cikin zauren nan, ba masu gida kaɗai ba, ina roƙon shugaban zama ya fara ba su dama.